Dasashi Ya Warke, Me Ya Sa Aka Ce In Ƙara Jira?

Filin Tambayi Likitan Haƙori

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan da dama sun taru a kan abu ɗaya, wato dashen haƙori, ƙarfen da ake kafawa a ƙashin muƙamuƙi a gurbin saiwa don a ɗora masa sabon haƙori, da dogon jiran da ake sa mutum kafin a kafa masa shi. Na zaɓi huɗu. A kan ta farko zan fi daɗewa, domin wanda ya fahimci amsarta ya fahimci rabin sauran.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Shekarata 44. Wata biyu ke nan da aka cire mini turmi na ƙasa, gefen dama, bayan ya tsage har saiwa. A ranar likitan ya zuba wani gari a ramin, ya rufe da wani abu, ya ɗinke. Yanzu wurin ya warke sumul, ba ciwo ba kumburi, ina taɓawa da harshe ba na jin komai. Na koma a sa mini dashen, ya duba ya ce sai nan da wata biyu ko uku. Ƙawata kuwa rana ɗaya aka cire mata haƙori aka kafa mata ƙarfen. Ja mini rai yake yi, ko akwai abin da yake ɓoye mini?
— Wata malamar makaranta

AMSA: Malama, barka kadai. Ki kwantar da hankalinki, yadda kika ba da labarin nan likitanki yana kan hanya, kuma da ni ne ma abin da zan faɗa miki ke nan.

Abin da harshenki yake taɓawa dasashi ne, nama. Abin da zai riƙe dashen kuwa ƙashi ne, yana can ƙasa inda harshe ba ya kaiwa, kuma su biyun ba tafiyarsu ɗaya ba. Dasashi yakan rufe bakin rami cikin mako 4 zuwa 8, ya yi kyau ya yi sul, mai shi ya ɗauka an gama. Alhali a ƙarƙashinsa aiki bai ma yi nisa ba.

Da zarar an cire haƙori, jini yakan cika ramin ya daskare. Wannan gudan jinin shi ne tushen komai, shi ya sa muke hana kurkure baki da ƙarfi ko tsotsar wurin a kwanakin farko. Cikin mako guda sai ya fara komawa wani jan nama mai laushi, cike da ƙananan hanyoyin jini. Daga mako na biyu zuwa na huɗu ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi su fara aiki daga bangon ramin da gindinsa, suna tahowa tsakiya. Abin da suke fara shimfiɗawa ɗanyen ƙashi ne, saƙar gaggawa, zarenta a hargitse, ba ta ɗaukar nauyi. Sai a watannin da ke biye wasu ƙwayoyin, masu rushewa, su riƙa cinye ɗanyen kaɗan-kaɗan, magina suna bin bayansu suna jera ƙashi mai ƙwari, hawa-hawa. Wannan rushewa da sake ginin ne yake cin lokaci, kuma babu allurar da za ta sa shi gudu.

Garin da aka zuba miki, mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar siminti, wai a zuba ya bushe ya zama ƙashi. Ba haka yake ba. Garin nan ba shi da rai. Aikinsa ya tokare ramin kada bangonsa ya rufta, ya kuma zama matakala da sabon ƙashi zai bi ya hau. Sai hanyoyin jini sun ratsa tsakanin ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ƙashinki na jikinki ya kewaye su ya ɗaure su, sannan wurin zai zama abin da za a iya hudawa. Abin da aka rufe da shi kuma wani tantani ne. Ƙwayoyin dasashi sun fi na ƙashi sauri nesa ba kusa ba, in aka bar ƙofa a buɗe su za su riga shiga su cika ramin da nama. Tantanin yana tsare su a waje har magina su samu sarari. Ramin da aka cika haka yawanci wata 4 zuwa 6 muke ba shi. Ke kina wata na biyu, lissafin likitanki ya faɗo daidai.

Kina iya cewa, to me ya sa ma aka zuba garin tunda yana ƙara jira? Saboda ƙashin da ke riƙe haƙori don haƙorin yake raye. Akwai siraran zaruruwa da suke haɗa saiwa da bangon raminta, duk taunar da kika yi suna jan ƙashin suna tashinsa aiki. In haƙori ya tafi, jiki sai ya ga bangon nan ba shi da sauran amfani, ya fara janye shi, musamman bangon waje da ke fuskantar kunci ko leɓe, wanda dama shi ya fi siranta. Wani bincike da aka buga a 2003 daga garin Aarhus na ƙasar Denmak ya bi mutum 46 tsawon shekara guda bayan cire musu haƙoran baya. Faɗin ƙashin wurin ya ragu da kusan rabi, kuma kashi biyu cikin uku na raguwar a wata uku na farko ya auku. Ƙarfen da ake kafawa a gurbin turmi kaurinsa yakan kai milimita 4 zuwa 5, kuma muna son aƙalla milimita ɗaya da rabi na ƙashi ya kewaye shi ta kowane gefe. Ki yi lissafin da kanki, za ki ga dalilin da ya sa ba a so a bar ramin ya motse.

Bari in gaya miki abin da ya sa nake da tsanani a kan wannan. A shekarun farko na aikina na yi wa wani bawan Allah irin cikon da aka yi miki. Mako goma bayan nan ya dawo, yana da doguwar tafiya a gabansa, ya roƙe ni in kafa masa ƙarfen kafin ya tashi. Dasashinsa ya yi kyau kamar naki. Na buɗe, na sa injin huda, sai na ji ya nutse ba tare da turjiya ba, da na zaro shi ga ƙwayoyin garin nan manne a jikinsa kamar jiƙaƙƙen yashi, fari-fari, ba su kama juna ba. A nan ya kamata in mayar in ɗinke in ba shi haƙuri. Ban yi ba, na ji nauyinsa, na murza ƙarfen ya shiga ba tare da ya ciji komai ba. Kafin mako shida ya fara motsi. Dole aka cire, aka kankare wurin, aka sake ciko daga farko, aikin da zai ƙare cikin wata bakwai ya kai shi sama da shekara, ga tiyata biyu da bai kamata ya sha ba. Laifina ne, ba nasa ba, domin shi bai ga abin da na gani a bakin injin ba. Har yau in na buɗe wuri na ji ƙashin bai nuna ba, rufewa nake yi, ko da mai shi zai yi fushi da ni.

Zancen ƙawarki kuma, ba a cuce ta ba, ke ma ba a cuce ki ba. Masana wannan fanni sun kasa lokacin kafa dashe gida huɗu: a ranar da aka cire haƙorin, ko bayan mako 4 zuwa 8 in dasashi ya rufe, ko bayan mako 12 zuwa 16 in ƙashi ya ɗan cika, ko kuma bayan wata 6 zuwa sama in ya gama warkewa. Na rana ɗaya yana da sharuɗɗa masu tsauri. Sai bangon ramin ya fito lafiya bai fashe ba, babu mugunya a wurin, kuma akwai ƙashi mai ƙwari gaba da ƙarshen saiwar, milimita 3 ko 4, wanda ƙarfen zai ciza ya tsaya kyam tun ranar. Turmin ƙasa saiwa biyu gare shi, raminsa ya fi ƙarfen faɗi, ga babbar jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji tana wucewa a ƙarƙashinsa, ba a zurfafa yadda aka ga dama. Naki kuma tsagewa ya yi, irin wannan sau da yawa yana zuwa da ciwon da ya riga ya ci wani sashe na bangon. Ki tambayi ƙawar taki, za ta gaya miki ita ma an hana ta tauna da wurin na tsawon watanni. Jiran nata ya zo ne bayan kafawa.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake so ki sani tun yanzu don kada ranki ya ɓaci daga baya: jira biyu ne, ba ɗaya ba. Bayan an kafa ƙarfen, sai ƙashi ya manne da shi kafin a ɗora masa hular haƙorin, wato sashen da ake gani ake tauna da shi. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano wannan a 1952, lokacin da yake nazarin gudun jini a ƙashin zomaye. Ya sa musu wani ɗan bututun ƙarfen titaniyom, da ya zo cirewa ya tarar ƙashi ya kama shi ya ƙi saki. A 1965 ya kafa wa mutum na farko irin wannan dashe a birnin Gotenbag, kuma ƙa'idarsa ita ce a bar shi wata 3 a muƙamuƙin ƙasa, wata 6 a na sama, ba a taɓa shi. Yanzu da ake yi wa jikin ƙarfen kaushi don ƙashi ya fi saurin kamawa, a wuri mai kyau mako 6 zuwa 12 yakan isa. Amma akwai lokaci mai hatsari a mako na uku zuwa na huɗu: riƙon farko, wanda na murzawa ne kawai irin na sukuru a katako, ya fara saki domin jiki yana rushe ƙashin da aka matse, sabon riƙo na gaske kuma bai gama zuwa ba. Wanda ya ɗora tauna a kansa a wannan tsakanin, nama ne zai kewaye ƙarfen maimakon ƙashi, kuma nama ba ya riƙe dashe.

In kin haɗa duka, daga ranar cirewa zuwa ranar da za ki tauna da sabon haƙori, ki sa ran wata 7 zuwa 8. In kin koma, ki roƙi likitan ya nuna miki hoton CBCT, wanda ke nuna ƙashi ta kowane gefe, ya auna miki faɗin wurin da nisan jijiyar a gabanki. Likitan kirki ba ya ƙin wannan.

TAMBAYA: Likita, ni shekarata 58. Turamena biyu na sama sun fita shekara tara da suka wuce, ban yi komai ba. Yanzu da na je neman dashe aka ce ƙashin ya ƙare, sai an ɗaga wani abu a ƙarƙashin idona an yi ciko, in jira wata takwas. Kuma na ji an ce garin na dabba ne. Wannan aiki ba ya da hatsari?
— Wani tsohon direba

AMSA: Malam, ka ga ɗaya fuskar maganar ke nan. Malamar da ke sama ana hana ta sauri, kai kuma daɗewa ce ta cinye maka ƙashi. Jiran da yake da amfani shi ne wanda aka yi da shiri, ramin da aka bari haka nan kuwa motsewa kawai yake yi.

A cikin ƙashin kumatu, sama da turamen sama, akwai wani kogo na iska da ke haɗe da hanci. In turame suka fita, ƙashin yana raguwa ta fuska biyu: ta ƙasa yana motsewa, ta sama kuma kogon yana faɗaɗa yana saukowa. Bayan shekara tara ba abin mamaki ba ne a tarar saura milimita 2 ko 3, alhali ƙarfen da aka saba kafawa tsawonsa milimita 8 zuwa 10 ne. Kogon yana da shimfiɗar wani tantani siriri ƙwarai. Abin da za a yi shi ne a buɗe 'yar taga a gefen ƙashin ta cikin baki, a ɗaga tantanin a hankali ba tare da an yaga shi ba, a cika ƙarƙashinsa da garin. Ba a zuwa kusa da ido. Aikin ba sabo ba ne, tun 1980 likitoci biyu a Amurka, Boyne da James, suka buga bayaninsa, kuma yana cikin ayyukan ƙarin ƙashi da suka fi samun nasara.

In ƙashin da ya rage bai kai milimita 4 ko 5 ba, ba abin da zai riƙe ƙarfen, dole a yi cikon tukuna a jira wata 6 zuwa 9. In ya fi haka, akan iya haɗa ciko da kafawa rana ɗaya. Wata takwas da aka ce maka yana nuna naka ya yi ƙasa sosai. Dalilin tsawon shi ne wurin da za a cika babba ne, jini kuma daga bango yake shigowa, kafin ya kai tsakiya da sauran tafiya. Ga shi ƙashin sama dama ya fi na ƙasa laushi. Akwai gajerun dashe na milimita 6 da suke raba wasu da wannan aikin gaba ɗaya, ka tambaya ko naka ya isa a yi da su.

Bayan aikin, mako biyu kada ka fyace hanci, in atishawa ta zo ka yi ta baki a buɗe, kada ka sha abu da tsinken zuƙa. Iskar da ka matsa tana iya ture tantanin ta watsa cikon.

Garin kuwa iri huɗu ne. Akwai ƙashinka na jikinka, a ɗebo daga haɓa ko bayan muƙamuƙi, ko daga ƙugu in ana buƙata da yawa. Shi kaɗai ne yake zuwa da ƙwayoyi masu rai, ya fi saurin kamawa, amma ka samu rauni biyu ke nan. Akwai na ɗan'adam daga ma'ajiyar gaɓoɓi, wanda aka tsarkake. Akwai na dabba, galibi saniya, wani lokaci doki ko alade, an cire masa duk wani nama da kitse sai ma'adinin kawai, shi yana daɗewa bai narke ba, shi ya sa yake riƙe siffar wuri. Sai na haɗi da ake yi a masana'anta daga sinadarin kalsiyom da fosfet, ba ruwansa da dabba. Tantanin da ake rufewa da shi ma sau da yawa daga alade ake samunsa, amma akwai na saniya da na haɗi. Haƙƙinka ne ka san abin da za a sa a jikinka. Ka tambaya kafin ranar aiki, ka ce a nuna maka kwalin, in kana da wanda ba ka so ka faɗa tun da wuri a nemo madadinsa.

TAMBAYA: Ina da ciwon sukari shekara shida, kuma ina shan taba, kara goma a rana. An yi mini ciko wata biyar da suka wuce, aka ɗauki hoto aka ce bai kama yadda ake so ba. Akwai maganin da zan sha ya yi sauri?
— Wani mai karatu

AMSA: Ɗan'uwa, zan gaya maka gaskiya domin ina so aikin nan ya yi maka kyau. Maganin da ya fi kowane ƙarfi a wurinka shi ne ajiye tabar. Duk bayanin da na yi a sama a kan jini yake tafiya, nikotin da ke cikin taba kuma tsuke ƙananan hanyoyin jini yake yi, hayaƙin yana rage iskar da jinin ke ɗauka. Cikon da jini bai ratsa ba zai zauna nan yadda aka zuba shi. Shisha da sigarin lantarki ba mafita ba ne. Mafi ƙarancin abin da nake karɓa shi ne a daina mako ɗaya kafin kowane aiki da mako takwas bayansa, kuma wanda ya iya mako tara ya riga ya ci rabin yaƙin barinta gaba ɗaya.

Sukari kuma, awon safiya ɗaya ba ya gaya mini komai. Ka yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarinka ya kasance wata uku da suka wuce. In yana wajen 7 cikin ɗari ko ƙasa, warkewarka ba ta da bambanci sosai da ta kowa. In ya haura 8, ni ɗage aikin nake yi har sai likitan sukarinka ya daidaita shi. A duba maka bitamin D ma, in ya yi ƙasa a ba ka, amma shan ƙwayoyin kalsiyom barkatai ba ya sa ƙashi sauri.

Tunda muna kan magunguna, ga gargaɗi ga kowa, musamman iyayenmu mata: duk mai shan maganin zaizayar ƙashi irin su alendronate, ko ake yi masa allurar zoledronate ko denosumab, ko aka taɓa gasa masa kai ko wuya saboda ciwon daji, ya faɗa wa likitan haƙori kafin ko cire haƙori a yi. Waɗannan suna hana ƙwayoyin nan masu rushewa aiki ko su raunana jinin wurin, kuma suna iya sa ƙashin muƙamuƙi ya ƙi warkewa. Kada kuma a daina maganin da kai ba tare da wanda ya rubuta shi ya sani ba.

Ga duk wanda aka yi wa ciko kuma, ganin 'yan ƙwayoyin gari biyu-uku a baki a kwanakin farko ba komai ba ne. Kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku ko huɗu, ko mugunya, ko wari, ko zazzaɓi, ko ɗinki ya buɗe ana hango tantanin, wannan a koma a ranar.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 15 ya faɗi daga keke, haƙorinsa na gaba ya fita, ba a same shi ba. Yana jin kunyar dariya. Za a iya yi masa dashe yanzu?
— Mahaifiyar yaro

AMSA: Maman yaro, Allah ya ƙara masa lafiya. Na san abin yana damun ki, amma kada ki yarda a kafa masa yanzu. Muƙamuƙinsa bai gama girma ba. Haƙoran asali suna tafiya tare da ƙashi yayin da yake girma, ƙarfe kuwa inda aka kafa shi nan yake tsayawa kamar turke. Nan da 'yan shekaru maƙwabtansa za su sauko su bar shi a sama, ya zama gajere, dasashinsa ya ɗage, kuma gyaran wannan ya fi rashin haƙorin wahala. 'Yan mata yawanci daga shekara 18 ake fara dubawa, maza sukan kai 20 ko fiye.

Amma kada a bar giɓin haka. A yi masa haƙorin roba mai cirewa, ko wanda ake liƙawa a bayan haƙorin kusa ba tare da an fere shi ba, don ya samu ya yi dariyarsa cikin abokai, kuma sauran haƙoran kada su karkato su cinye gurbin. Bangon ƙashi na gaba siriri ne, sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, don haka ki sa a ranki cewa zai buƙaci ciko in lokacin ya zo. Ki riƙa kai shi dubawa duk wata shida, a kula da haƙoran da ke gefen giɓin ma, domin bugun da suka sha yakan nuna daga baya. In ya kai shekarun, za a ɗauki hoton kansa sau biyu, tsakaninsu wata shida zuwa shekara, a ɗora ɗaya kan ɗaya. Ranar da suka zo daidai ba bambanci, ranar za a fara maganar dashe.